Karkacewar Katangar Hanci: Yadda Za Ka Bi Sawun Gajiya da Damuwa Har Ka Kai ga Tushensu

Akwai mutumin da zai kwanta ƙarfe 10 na dare ya tashi ƙarfe 6 na safe, awa takwas cif, amma ya miƙe kamar wanda ya kwana dakon kaya. Harshensa a bushe, ya manne wa ganɗa, kansa ya yi nauyi. Tun kafin rana ta take ya fara hamma, da yamma kuma ƙaramin abu ke harzuƙa shi. A haka za a ɗebi watanni, har ya wayi gari abubuwan da ke faranta masa rai a da sun daina yi masa armashi. An auna jininsa an ce lafiya lau. Ba wanda ya tambaye shi ta ina yake numfashi idan ya yi barci.

Abin da ya taɓa hanci, ido sai ya yi ruwa. Sai dai ina so tun farko a fahimci hanyar da abin yake bi, don a nan ne mutane ke ruɗewa. Karkatacciyar katangar hanci ba ta zuba wa mutum baƙin ciki kai tsaye. Tana tsuke hanyar iska, tsukewar ta ɓata barci, ɓataccen barci ya haifi gajiya, gajiyar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa kuma ta share wa damuwa fage. Sarƙa ce mai gaɓoɓi, kuma aikin da ke gabanka shi ne ka gwada kowace gaɓa ka ga ko da gaske ta haɗe da ta gaba a jikinka.

Ita katangar, siririn bango ne da ya raba hanci gida biyu. Gabanta guringuntsi ne, shi ya sa kake iya lanƙwasa tsinin hancinka da yatsa. Bayanta ƙashi ne. Likitocin hanci na kiyasta cewa kusan mutum 80 cikin 100 katangarsu ba ta miƙe sak a tsakiya ba, kuma yawancinsu za su gama rayuwa ba su sani ba. Wani da ita aka haife shi, wani ta karkace a hankali yayin da ƙasusuwan fuskarsa ke girma, wani kuma bugu ne: faɗuwa, haɗarin mota, karo a filin wasa, naushi. Saboda haka jin cewa katangarka a karkace take bai isa hujja ba. Tambayar ita ce, tana hana ka iska?

Mataki na 1: Gwada ramukan biyu, ɗaya bayan ɗaya

Ka rufe baki, ka danne ramin dama da yatsa a hankali, ka ja numfashi ta hagu sau uku. Ka juya. Ka lura da wanda iska ke wucewa a sake da wanda sai ka ja da ƙarfi, ko yake yin fito.

Kada ka yanke hukunci da gwaji ɗaya. Hancin yawancin masu lafiya yana karɓa-karɓa: naman da ke jikin bangon gefe na wani rami ya kumbura, na ɗayan ya motse, bayan 'yan awoyi su yi musanya. Wani likitan Jamus, Richard Kayser, ya bayyana wannan tun 1895. Don haka ka yi gwajin da safe, da rana, da kuma lokacin kwanciya, na tsawon kwanaki, a lokacin da ba ka mura. Idan toshewar na yawo tsakanin dama da hagu, aikin hanci ne na yau da kullum ko kumburi. Idan kullum gefe ɗaya ne ke a tsuke, to katanga ta shiga zargi.

Sai gwajin madubi. Ka kara ƙaramin madubi mai sanyi a ƙarƙashin hancinka, ka saki numfashi a hankali baki a rufe. Za ka ga tabon huci guda biyu. Idan ɗaya kullum ɗan mitsitsi ne kusa da ɗan'uwansa, ka rubuta. Na uku, ka ɗora yatsu biyu a kuncinka daf da hanci ta gefen da ke toshe, ka ja fatar a hankali wajen kunne, ka shaƙi iska. Idan nan take hanya ta buɗe, matsalar tana wurin da ya fi ko'ina tsukewa a bakin hanci, kuma wannan bayani ne da likita zai so ji, domin wani lokaci gyaran katanga kaɗai ba ya magance shi.

Wani abu da ke ba mutane mamaki: gefen da katangar ta ba wa fili shi ma yakan toshe. Naman bangon wannan gefen yakan yi girma ya cike gurbin. Shi ya sa mai karkacewa ta dama zai iya cewa duka biyun sun toshe, kuma gaskiya ya faɗa.

Mataki na 2: Tattara sauran alamomin, ka ba su lamba

Bayan toshewa, wata alama da ake yawan gani ita ce haɓo. Iska na dukan wurin da ya turo, fatar wurin ta bushe, ta yi ɓawo, ta tsage. Akwai bushewar baki da ƙaiƙayin maƙogwaro da safe, munshari, majinar da ke gangarawa ta baya zuwa wuya, murar da ke daɗewa har ta rikiɗe zuwa ciwon kogunan ƙashin fuska, raguwar jin ƙamshi, da nauyi ko ciwo a gefe ɗaya na fuska. Akwai kuma wadda mutane ba sa ɗauka alama ce: rashin iya barci sai a kan gefe guda. Idan ka kwanta a gefe, ramin da ke ƙasa ne ke cika. Wanda ramin damansa ya tsuke yakan sami kansa kullum yana kwanciya a kan dama, don ramin hagu mai faɗi ya kasance a sama a buɗe. Da ya juya cikin barci, sai numfashi ya gagara ya farka.

Likitoci na da ma'auni mai sauƙi da ake kira NOSE, wanda aka wallafa a 2004, kuma kana iya cike shi da kanka. Abubuwa biyar ne, a kan watan da ya wuce: cushewar hanci, toshewarsa, wahalar numfashi ta hanci, wahalar barci, da kasa samun isasshiyar iska ta hanci lokacin motsa jiki. Kowanne ka ba shi maki daga 0, wato babu matsala, zuwa 4, wato ta yi tsanani. Ka haɗa, ka ninka sau 5, sakamakon zai faɗo tsakanin 0 da 100. Ka rubuta lambar da kwanan wata. Za ka buƙace ta nan gaba, domin mutum yana saurin manta yadda yake kafin ya fara magani.

Mataki na 3: Bincika darenka

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan na fi so ka ba lokaci.

Kusan rabin turjiyar da iska ke gamuwa da ita a hanyarta zuwa huhu a hanci take. Da rana, idan hanci ya tsuke, kana buɗe baki ba tare da ka lura ba, ka ci gaba da harkarka. Da dare labari ya sha bamban. Kwanciya kanta tana ƙara cika jijiyoyin jinin cikin hanci. Baki ya buɗe, muƙamuƙi ya saki ya koma baya, harshe ya bi shi, hanyar maƙogwaro ta ƙara matsewa. Ƙirji na ja da ƙarfi, naman maƙogwaro na kaɗawa, shi ne munsharin. Duk sanda jan ya yi yawa, ƙwaƙwalwa takan ɗan farka na 'yan daƙiƙu ta gyara numfashin. Ba za ka tuna ba da safe. Amma idan hakan ya faru sau da yawa a cikin dare, an yayyanka maka barcin gunduwa-gunduwa, kuma barci mai nauyi, wanda shi ke wartsakar da jiki, ba ya samun zama.

Tun da kai barci kake yi, shaida sai daga waje. Idan akwai wanda kuke kwana ɗaki ɗaya, ka roƙe shi ya lura da abu uku: kana barci baki a buɗe? Munsharin a jere yake, ko yana yankewa? Akwai lokacin da kake yin tsit kamar numfashi ya ɗauke, sannan ka fizgo shi da gurnani? Idan kai kaɗai kake kwana, ka ajiye waya kusa da matashinka ta naɗi sauti na dare biyu ko uku. Sauraron kanka kana kokawa da iska abu ne mai tayar da hankali, na sani, amma ya fi shekara guda kana zargin kanka da lalaci.

Wannan tsit ɗin shi ne abin tsoro. Idan numfashi ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, yana maimaituwa, sunansa ɗaukewar numfashi cikin barci. A gwajin barci ana ƙirga sau nawa yake faruwa a awa ɗaya: 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Yana tafiya da hawan jini, yawan tashi fitsari da dare, ciwon kai da safe, da gyangyaɗi a kan sitiyari. Ka riƙe wannan da kyau: a wannan cuta maƙogwaro ne ke ruftawa. Toshewar hanci tana ƙara mata ƙarfi, amma gyaran hanci shi kaɗai ba kasafai yake warkar da ita ba. Abin da yake yi shi ne sauƙaƙa amfani da na'urar CPAP, wadda ke hura iska ta hanci don hanyar ta zauna a buɗe.

Sannan ka auna barcin rana. Ma'aunin Epworth, wanda likita Murray Johns ya fitar a 1991 a Ostireliya, yana tambayar yiwuwar ka yi gyangyaɗi a yanayi takwas, kamar karatu a zaune, kallon talabijin, zama a mota awa guda wani na tuƙi, ko tsayawa a cunkoson ababen hawa. Kowanne maki 0 zuwa 3, jimla 24. Sama da 10 na nufin barcin ranarka ya wuce ƙima. Ka kuma bambance abu biyu da muke haɗawa a kalma ɗaya. Akwai jin barci, inda ido ke rufewa da kansa. Akwai kasala, inda jiki ya mutu amma ko ka kwanta barcin ba ya zuwa. Na farko ya fi nuni ga numfashin dare, na biyu ya fi yawa a ciwon damuwa da ƙarancin jini. Mutum ɗaya na iya haɗa duka.

Mataki na 4: Dubi zuciyarka da gaskiya

Bincike da dama ya nuna masu daɗaɗɗiyar toshewar hanci sun fi sauran mutane samun maki mai yawa a ma'aunan damuwa da fargaba. Ba abin mamaki ba ne. Rashin barci mai daɗewa yana kusan ninka haɗarin kamuwa da ciwon tsananin damuwa. Ƙara da cewa mai gajiya yakan daina motsa jiki, ya janye daga mutane, aikinsa ya ja baya, a fara ce masa ya canza. Wanda ƙamshi ya ɗauke masa, abinci ma ya daina yi masa daɗi. Munshari kuma ya raba ma'aurata ɗaki. Kowanne ƙarami ne, taruwarsu ce ke danne mutum.

Hanyar kuma tana komawa baya. Ciwon damuwa da kansa yana ɓata barci, yana kawo kasala, yana sa mutum ya riƙa jin kowane tsukewar numfashi fiye da yadda take. Shi ya sa ba na son jin an ce wa mutum "hancinka ne kawai", kamar yadda ba na son a ce masa "tunani ne kawai".

Ka yi wa kanka tambaya biyu game da mako biyun da suka wuce. Shin yawancin kwanakin ka rasa sha'awa ko jin daɗin abubuwan da ka saba yi? Shin yawancin kwanakin kana cikin ƙunci ko yanke ƙauna? Idan amsar ɗaya daga ciki e ce, ka nemi a yi maka cikakken ma'aunin PHQ-9, mai tambaya tara da jimlar maki 27, inda 10 zuwa sama ke nuna a zauna a yi maganar magani. Ka lura da jerin faruwar abubuwa ma: wanne ya riga, toshewar ko ƙuncin? Kana jin sauƙin rai a ranakun da ka yi barci mai kyau? Amsar tana taimaka wa likita ƙwarai.

Roƙona a nan ɗaya ne. Kada ka jingine maganin damuwa kana jiran ranar tiyatar hanci. Ana yin su tare, ba sa karo. Idan kuma tunanin cutar da kanka ko na cewa gara mutuwa ya fara zuwa maka, wannan ba maganar gobe ba ce. Ka faɗa wa wanda ka amince da shi yau, ku je asibiti tare.

Mataki na 5: Cire sauran masu laifi

Gajiya tana da iyaye da yawa. Gwajin jini mai sauƙi zai duba ƙarancin jini da na sinadarin ƙarfe, ciwon suga, da aikin ƙullin wuya da ake kira tayiroid. Ka kai wa likita duk magungunan da kake sha. Tsofaffin magungunan mura irin su kulofeniramin suna sa barci da mutuwar jiki har washegari, masu ɗauke da sudo'efedirin kuma suna hana barci, suna ɗaga hawan jini.

Mataki na 6: Ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro

Ka tafi da takardarka: makin NOSE, makin Epworth, sautin da ka naɗa, da tarihin duk wani bugu da hancin ya taɓa sha. Likita zai buɗe ramin ya haska, sau da yawa kuma ya fesa maganin da ke motsar da nama ya kashe zafi, ya zura siririyar kyamara ya ga can ciki. Minti kaɗan ne. Yana neman abin da ke iya fakewa a bayan karkacewar: alaji (borin jiki ga abu kamar ƙura), tsiron nama mai laushi, kumburin naman gefe, ko ciwon kogunan fuska. Hoton siti sikan ba kowa ke buƙatarsa ba. Ka tambaye shi kai tsaye: a toshewar nan, nawa ne na ƙashi da guringuntsi, nawa ne na kumburi? Kuma ina buƙatar gwajin barci?

Wasu alamomi ba sa jiran layi. Sabuwar toshewa ta gefe ɗaya da ke ƙaruwa tare da majina mai jini, dindiris a fuska, kumburin ido ko ganin abu biyu-biyu. Ruwa garai mai ɗiga daga hanci bayan bugu a ka. Majina mai wari daga rami ɗaya a ƙaramin yaro, wadda galibi wani abu ne ya cusa. Sai kuma toshewar ramuka biyu jim kaɗan bayan an bugi hanci, da kumburi ja mai taushi a jikin katangar: jini ne ya taru, kuma in ba a zuƙe shi da wuri ba guringuntsin na iya mutuwa, karan hanci ya lotsa.

Mataki na 7: Fara da abin da ba wuƙa

Babu maganin da ke miƙe guringuntsi. Abin da magani ke yi shi ne rage kumburin naman da ke kewaye, kuma ga mutane da yawa wannan ɗan filin ya wadatar.

Wanke hanci da ruwan gishiri shi ne farko. Kimanin rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwa, mililita 250, ko ka sayi wanda aka haɗa. Ruwan dole ya zama wanda aka tafasa na 'yan mintuna ya huce, domin ɗanyen ruwa na iya ɗaukar ƙwayoyin da ciki ke kashewa amma hanci ba ya iyawa. Ka sunkuya, ka karkata kai, ka zuba ta ramin sama ya fito ta na ƙasa, kana numfashi ta baki.

Bayan wankin sai maganin feshi mai siteroid, irin mometason ko fulutikason. Mutane da yawa suna jefar da shi bayan kwana uku wai ba ya aiki, alhali sai an yi mako ɗaya zuwa biyu ana fesawa kullum yake nuna kansa. Yadda ake fesawa ma yana da muhimmanci ga mai karkatacciyar katanga. Ka riƙe kwalbar da hannun dama idan ramin hagu za ka fesa, da hagu idan na dama ne, bakin ya kalli wajen kunne. Idan ka saita shi kan katangar, haɓo za ka jawo. Kada ka zuƙe da ƙarfi, maganin zai wuce maƙogwaro ne kawai.

Wanda nake gargaɗi a kansa shi ne feshin da ke buɗe hanci nan take, mai oksimetazolin ko zailometazolin. Cikin minti biyar za ka ji kamar an cire maka toshiya, shi ya sa yake kama mutane. Idan aka zarce 'yan kwanaki ana amfani da shi, hancin yakan ƙara kumbura duk sanda maganin ya sake shi, sai a ƙara fesawa, har mutum ya kai ba ya iya barci sai kwalbar na ƙarƙashin matashi. Kwana uku ya isa. Idan ka riga ka faɗa ciki, ka gaya wa likita ba kunya, akwai hanyar yaye ka.

Sauran ƙanana ne amma suna taruwa: ɗaga kan gado kaɗan, manna filastar da ke buɗe fukafukan hanci da dare, nisantar hayaƙin taba da ƙura, da barin giya da ƙwayoyin sa barci, waɗanda ke ƙara sakin naman maƙogwaro. Idan haɓo ya zo, ka sunkuya gaba, ka matse sashe mai taushi na hancin minti 10 zuwa 15 ba sakewa. Ka ba wannan tsari mako shida zuwa takwas, sannan ka sake cike ma'aunan ka kwatanta da lambobin farko.

Mataki na 8: Idan an kai ga tiyata

Aikin sunansa seftofilasti. Ana tsagawa ta cikin hanci, don haka ba tabo a waje. Likita ya ɗaga fatar da ta lulluɓe katangar, ya datse ko ya sake jera sashen da ya lanƙwashe, ya mayar da fatar. Yakan ɗauki minti 30 zuwa 90, kuma yawanci a ranar ake komawa gida. Ga yara, ana jinkirtawa har fuska ta kusa gama girma, sai in toshewar ta yi tsanani.

Akwai shaida mai ƙarfi a kansa. A wani gwaji da aka yi a Birtaniya mai suna NAIROS, wanda mujallar BMJ ta wallafa a 2023, an raba manya 378 gida biyu, wasu aka yi musu tiyata, wasu aka ba su feshin siteroid da ruwan gishiri. Bayan wata shida waɗanda aka yi wa aiki sun fi samun sauƙi da kusan maki 20 a ma'aunin alamomin ciwon hanci mai suna SNOT-22, kuma waɗanda toshewarsu ta fi tsanani tun farko su suka fi amfana. Abin da ya ja hankalina shi ne tambayoyin wannan ma'auni: ban da na hanci, akwai tashi da gajiya, kasala, raguwar natsuwa, saurin fushi da baƙin ciki.

Duk da haka ka shiga da ido biyu. Akwai haɗarin zubar jini, hujewar katangar, ɗan canjin siffar hanci, dindiris na ɗan lokaci a haƙoran gaba na sama, da dawowar karkacewar, don guringuntsi yana son komawa yadda ya saba. Idan za a rage naman gefe a lokaci guda, ka tambayi nawa za a cire, domin cire shi da yawa na iya barin hanci a wangale amma mutum na jin iska ba ta isarsa, kuma wannan yanayi yana jefa mutane cikin damuwa mai tsanani. Ka sanar da likitan tiyata idan kana fama da damuwa ko fargaba, saboda ya tsara kulawar da kai tare da mai duba wannan ɓangaren.

Makon farko hancin zai fi da toshewa, saboda kumburi da 'yan robobin da akan saka su tallafi katangar, waɗanda ake cirewa bayan kamar mako guda. Ka san da haka tun yanzu don kada ranka ya ɓaci a kwana na uku. Ba fyace majina, ba ɗaga kaya mai nauyi na 'yan makonni, atishawa baki a buɗe, barci kai a sama, ruwan gishiri kamar yadda aka umarta. Numfashi yakan fara buɗewa cikin makonni, amma naman ciki na ɗaukar wata uku zuwa shida kafin ya zauna daram.

A wata na uku, ka ɗauko takardar nan ta farko. Ka sake cike NOSE, Epworth da PHQ-9, ka sake naɗar sautin dare biyu. Idan makin hanci ya sauka amma na barcin rana yana nan, ka nemi gwajin barci ko da an taɓa ce maka ba ka buƙata. Idan duka biyun sun sauka amma ƙuncin bai motsa ba, ka koma wurin mai kula da damuwarka da lambobin a hannu, ku sake duba maganin da kake kai.